Kwarya Aro Ce, Furar Fa?

Wai shin yaushe za mu daina raina gajeren fim? Duk zaman da muka yi da 'yan'uwa marubuta, da an ambaci 'yan finafinan minti goma da yaranmu ke kallo a waya, sai ka ji an ce kwaikwayon Turawa ne kawai. Mu dai da muke fama da alli a nan Unguwar Shanu ba mu yarda ba, ko kusa!

Mai minti goma ba shi da lokacin gabatarwa. Dole ya ari salon da mai kallo ya riga ya sani, ko na ban tsoro, ko na kaboyi, ko na ƙagen kimiyya, don ya tafi kai tsaye ga zuciya. Ai haka kakanninmu suka yi. Da an ce Dodo ko marainiya a hannun kishiyar uwa, yaro ya san inda aka dosa, saura hawaye. Wa ya taɓa kiran tatsuniya sata don Gizo ya sake fitowa?

A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya shirya ɗan fim na wajen rabin awa kan saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hana ƙauye sakat. Hula da bindiga na Amurka ne, amma ciwon namu ne: ɗa ya dawo gida ya zama baƙo.

Ga kuma na ƙofar gida. A 2019 duniya ta san samarin nan na Kaduna, The Critics, masu finafinan ƙagen kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle. A 2020 J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. Mu me muka aika musu? Gori.

Ba mu ce duk gajeren fim gwani ne ba. Da yawa kwaryar kawai suka aro, ba fura a ciki: aljani ya fito, an yi ihu, an tashi. Wannan ya cancanci suka. Amma a soki rashin furar, a ƙyale kwaryar.

Mu da muke ja wa labari ɗaya littafi na ɗaya har na huɗu, anya ba mu ne ya kamata mu zauna mu koyi taƙaitawa ba? Ɗalibanmu na da waya, ba su da labari. Mu muna da labari. In muka ci gaba da gatsine, wasu za su cika musu kwaryar, kuma ba lallai da furar gida ba.