Ba Hausa Ce Ke Kayar da 'Ya'yan Zango a Turanci Ba

Duk shekara, da zarar hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, magana ɗaya ce ke zagaya zangunan Kumasi, tun daga Aboabo da Asawase da Tafo har nan Kwadaso: wai yaranmu suna faɗuwa Turanci ne saboda Hausa ta yi musu yawa a baki. Malaman makaranta suna faɗa, iyaye suna maimaitawa, har yaran da kansu sun fara yarda. Daga nan sai a kawo magani iri biyu. Na farko, a hana yin Hausa da Tuwi a harabar makaranta, wanda aka kama ya biya tara ko ya yi shara. Na biyu, a tula wa yaro tambayoyin shekarun baya, waɗanda ɗalibai ke kira pasko, ya yi ta haddar amsoshi har ranar jarrabawa. Wannan fahimta kuskure ce, kuma 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗinta. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin ba ƙarami ba ne. Turanci ɗaya ne daga cikin darussa huɗu na dole a jarrabawar WASSCE, tare da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa. Yaron da ya samu ƙasa da C6 a Turanci, ƙofar jami'a ta rufe masa, ko da ya yi zarra a sauran darussa. Sai uba ya sake neman kuɗin makarantar gyara da na rajistar jarrabawar Nuwamba da Disamba. Tun watan Satumba na 2017 da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a Gana, 'ya'yan Zango da dama da a da kuɗin makaranta ke tsayar da su sun samu shiga aji. Shingen kuɗi ya ragu, amma na Turanci yana nan, kuma hanyar da muke bi don tsallake shi ba ta ɓullewa.

A duba abin da jarrabawar take nema. A takarda ta biyu, bayan insha'i na kalmomi wajen 450, ana ba ɗalibi wani rubutu da bai taɓa gani ba, ya karanta ya amsa tambayoyi a kansa, sannan a ba shi wani ya taƙaita shi cikin 'yan jimloli da kalmominsa na kansa. A takarda ta uku kuwa, mu a Gana kunna murya ake yi a zauren jarrabawa, saɓanin Najeriya inda ake yin wannan gwajin a rubuce. Ɗalibi zai saurari kalmomi da jimloli da hira da labari, ya zaɓi amsa, muryar kuma ba ta jiran kowa. Rubutun bana ba shi ne na bara ba. Hirar da za a kunna bana ba a taɓa kunna ta ba. To, ta yaya haddar amsar 2015 za ta taimaki wanda zai zauna a gaban sabon rubutu? Rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC sun daɗe suna kuka da abu guda: ɗalibai na kwashe jimloli sukutum daga cikin rubutun su zuba a matsayin amsa, don ba su fahimci abin da suka karanta ba. Shawarar da rahotannin ke bayarwa ita ma ba ta canzawa: yara su yawaita karatu.

Duk wanda ya leƙa ajin ƙarin darasi na yamma a unguwanninmu ya san yadda abin yake. Yara cike da benci, littafin pasko ɗaya tsakanin mutum uku, malam yana tsaye yana kira: lamba ta ɗaya B, ta biyu D, ta uku A. Yara suna duƙe suna sa alama. Idan aka zo kan rubutun fahimta, sai a koya musu dabara: ka fara karanta tambaya, ka nemi kalmar da ta yi kama da ita a cikin rubutun, ka kwafi layin. Awa biyu za ta wuce babu yaron da ya karanta shafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, babu wanda aka ce ya rufe littafi ya faɗi abin da ya gane. Iyaye sun biya kuɗi, yaro ya dawo gida a gajiye, kowa yana ganin an yi karatu. Wannan al'adar ce kuma ke kai yara ga neman satar amsa, domin wanda aka saba masa cewa jarrabawa sirri ce da ake haddacewa, dole ya nemi mai sayar da sirrin. Kusan kowace shekara sai WAEC ta riƙe ko ta soke sakamakon wasu ɗalibai a kan haka.

Ciwon ya faro ne tun daga ƙasa. Gwajin karatu na ƙananan azuzuwa da aka yi a faɗin Gana a 2013, aka kuma maimaita a 2015, ya nuna cewa a ƙarshen aji biyu na firamare, kusan kashi 2 cikin ɗari ne kawai na yara ke iya karatu ba gargada tare da fahimta, kuma wajen rabinsu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Ba a Zango kaɗai aka samu haka ba. An samu a garuruwan Tonawa, wato Asante, da na Fante da na Dagomba, a Turanci da kuma a harsunan gida. Yaran wancan lokaci su ne suka taso suka cika azuzuwan sakandare a shekarun nan. Idan matsala ta game ƙasa baki ɗaya, babu adalci a ɗora ta a kan Hausa.

Hasali ma, Hausa ba ta taɓa shiga ajin ba balle a ce ita ta ɓata shi. Harsunan gida goma sha ɗaya ne gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, irin su Tuwi na Asante da Fante da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, kuma babu Hausa a cikinsu, duk da cewa gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana labarai da ita. Ɗan Zango a Kumasi yana tashi da Hausa a gida, Tuwi a titi, Larabci a makarantar allo, Turanci a boko. Harsuna huɗu yake ɗauke da su, amma harshen da uwarsa ke yi masa magana da shi ne kaɗai ba a taɓa koya masa karantawa da rubutawa a aji ba. A 2002 gwamnati ta gwada koyarwa da Turanci zalla tun daga aji ɗaya, bayan 'yan shekaru ta janye. Abin da ƙasa ta gwada ta bari, shi ne muke riƙe da shi a matsayin magani.

An yi gwaje-gwaje a wasu wurare da ya kamata mu sani. A Ile-Ife ta Najeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har a Turancin kansa. A tsibirin Fiji kuwa, a farkon shekarun 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun kai littattafan labarai kimanin 250 ga azuzuwan wasu makarantun karkara inda Turanci baƙon harshe ne, aka ware lokacin karatu kullum. Cikin watanni takwas, ci gaban yaran a fahimtar karatu da ta sauraro ya kusa ninka abin da aka saba gani. Babu wanda aka ci tara don ya yi harshen gidansu. Littafi aka ba su, da lokaci.

Ba ma sai mun je Fiji ba, domin hanyar tana cikin zaurukanmu. A makarantar ilimi, ɗalibi yana zaune gaban malam da Ahalari ko Iziyya ko Risala. Ya karanta gaɓa ɗaya ta Larabci, malam ya gyara masa lafazi, ya fassara da Hausa, ya yi bayani, ɗalibi ya maimaita, sannan a matsa gaba. Gobe kafin a ƙara masa, sai ya biya na jiya. A tafsirin azumi mai jan baƙi yana ja, malam yana warwarewa da Hausa, jama'a suna kasa kunne. Da wannan hanya aka samu malamai irin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausa. Babu malamin da ya taɓa cewa a daina Hausa don a iya Larabci. Da Hausar ake buɗe Larabcin. Me ya sa da aka zo kan Turanci muka mance da abin da kakanninmu suka sani? Makarantunmu da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, wanda gwamnati ta kafa a 1987, su ya fi cancanta su fara ɗauko wannan gado su yi aiki da shi a ajin Turanci.

Iyaye da yawa suna cewa su ba su yi boko ba, don haka ba su da abin yi sai biyan kuɗin darasi. Ban yarda ba. Akwai wata mai sayar da koko da ƙosai a unguwarmu da ba ta iya karanta ko sunanta da boko, amma kowane dare bayan isha'i sai ta sa 'yarta ta karanta mata labari ɗaya daga tsohuwar jaridar Daily Graphic da ƙarfi, sannan ta ce: "To, Uwani, rufe takardar ki gaya mini da Hausa." Idan yarinyar ta ce, "Mma, ai maganar kuɗin taki suke yi," sai uwar ta ce, "Wa ya ce? An ƙara ne ko an rage? Don me?" In ta kasa amsawa, sai ta koma ta sake karantawa. Abin da takardar taƙaitawa ke nema ke nan: ka gane, ka ajiye kalmomin marubuci, ka faɗa da naka. Yaron da zai iya mayar da sakin layi zuwa Hausa ya fahimce shi. Wanda ya kwafi layi zai iya yin haka bai gane komai ba, kuma malaminsa ba zai sani ba sai sakamako ya fito.

Sauraro ma haka. Rediyo na kowane gida da kowane shago, har a kasuwar albasa ta Kwadaso inda motocin Nijar ke sauke kaya. Yaro ya saurari labaran Turanci na minti goma, a kashe rediyo, ya faɗa wa babansa kanun labarai uku da abin da ke cikinsu. A makarantun kwana, inda ba a barin ɗalibai su riƙe waya, malami ya karanta musu babi ɗaya na littafi da murya, ko ya kunna musu shiri, sannan a tattauna. Abin takaici ne a ce akwai yaron da ba ya jin irin muryar da za a gwada shi da ita sai a gwajin share fage, 'yan makonni kafin jarrabawa.

Masu ɗaya ra'ayin suna da hujjoji, kuma ban raina su ba. Suna cewa harshe sai da amfani, yaron da ba ya furta Turanci ba zai iya shi ba. Gaskiya ne. A yi muhawara, a yi wasan kwaikwayo, a yi hira da Turanci a aji. Amma tara da kunyatarwa shiru suke haifarwa. Yaron da ke tsoron a yi masa dariya ba ya tambaya, wanda ba ya tambaya kuma yana nan inda yake. Suna cewa Bahaushe yana haɗa sautin p da f. Wannan ma gaskiya ne, kamar yadda kowace al'umma ke da sautin da ke ba ta wuya. Gyaransa aikin 'yan makonni ne ga malamin da ya san Hausa, wanda zai nuna wa yaro inda harsunan biyu suka rabu. Suna cewa lokaci ya ƙure, dole a yi pasko. Pasko yana da gurbinsa, a watannin ƙarshe, don ɗalibi ya san tsarin takarda ya kuma iya raba lokacinsa. Mayar da shi karatun shekara uku shi ne ɓarnar.

Saura batun abin da za a karanta. Yaro ya fi riƙe littafin da ya ga kansa a ciki. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi da aka haifa a 1971, ya wallafa tarin gajerun labaransa mai suna The Prophet of Zongo Street a 2005, kuma labarinsa na Malam Sile mai shayi ya fito a mujallar The New Yorker ta Amurka. Hausar da ya taso da ita ba ta hana shi rubuta Turancin da duniya ke karantawa ba, daga cikinta ma ya samo mutanen labaransa. 'Ya'yanmu nawa ne suka taɓa riƙe wannan littafi? Akwai na Ama Ata Aidoo da na Amma Darko da na Chinua Achebe. Akwai ɗakin karatu na jihar Ashanti a cikin Cibiyar Al'adu ta Kumasi, mota ɗaya daga Kwadaso, amma yawancin yaranmu ba su taɓa taka ƙofarsa ba.

Don haka kirana ga shugabannin makarantu shi ne su soke tarar yin harshen gida, su ware rabin awa kullum na karatu da sauraro, kada su bari pasko ya cinye ta. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa su ajiye akwatin littattafai inda yaro zai ara ya dawo da shi. Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka a 2017 ya sa ɗakunan karatu cikin ayyukansa. Sarakunan Zango da wakilanmu a majalisa su nemi a sa Hausa cikin harsunan da ake koya wa yara karatu da su a ƙananan azuzuwa. Ku kuma iyaye, kafin ku sake biyan kuɗin darasin yamma, ku tambayi malamin littafi nawa yaronku zai karanta a wannan zangon karatu, kuma sau nawa zai saurari Turanci a mako. Idan ba shi da amsa, ku sayi littafi da kuɗin.