Mai inabi ya san masu saye, kai fa mai albasa?

Ya kai mai karatu, yau zan yi maka zancen giya. Dakata, kada ka rufe takarda. Na san giya haramun ce, ban sha ba, ban kuwa ce ka sha ba. Yadda masu ita su ke sayar da ita ni ke so ka ji, don akwai abin da ya shafe ka a ciki.

Wani ɗan garinmu da ya yi karatu a Faransa shi ya fara ba ni labari, daga baya na karanta da kaina. A wani kwari da a ke ce ma Nafa a Amurka, manomin inabi yana matse ƴaƴan ya yi giya. Amma ba ya zama jiran dillali. Sai ya gina ɗaki mai tsabta a bakin gonarsa. Baƙo ya zo, a zuba masa ɗan kaɗan, iri huɗu ko biyar, ya ɗanɗana. Ana nuna masa gona, ana gaya masa irin ƙasar da irin damanar da a ka yi. In abin ya yi masa daɗi, sai a ce ya shiga ƙungiyar masu saye. A rubuta sunansa da inda ya ke zaune. Daga nan sau biyu ko uku ko huɗu a shekara za a aika masa kwalabe har gida, a rage masa kuɗi, shi kuma ya biya kowane karo. Tun inabi bai nuna ba, manomi ya san wa zai saya, ya san nawa.

To, juyo gida. Albasar Galmi, nan cikin ƙasar Dogarawa, an san ta a Abijan, an san ta a Akara da Kumasi da Kwatano. Matan can suna kiran sunanta a kasuwa. Kai da ka yi wata huɗu kana ban ruwa, ka san sunan mutum ɗaya a cikinsu? Ba ka sani ba. Abin da ka sani shi ne babbar mota a bakin hanya, da dillali da ya ce ga kuɗin buhu yau. Kuma wane buhu? Wanda a ka cika har ya yi tozo, a ka ɗinka masa hula. Hular nan albasarka ce, kyauta ta ke tafiya. Kowa ya cire tasa cikin Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi. Bayan damana wannan buhun ya ninka sau biyu ko uku, amma ba a hannunka ba.

Da na faɗi haka a aji, wani dattijo ya ce, "Malam, wannan dabarar Nasara ce, ta masu giya, ina ruwanmu?" Na ce, Baba, injin ban ruwan da ke bakin rijiyarka a Malbaza a ka ƙera shi? Ba ka ƙi shi ba. Rubuta sunan mai saye ba ya sa maye. Mai kilishi ma yana yago maka ɗanɗano kafin ka saya, mai goro yana da waɗanda ya ke ajiye ma na kirki. Mun san abin tun kaka da kakanni. Rubutu ne ba mu haɗa da shi ba, shi ya sa ya tsaya a bakin faifai.

Wani kuma ya ce, "Ai ba don so mu ke sayarwa da wuri ba, bashi ne." Wannan ya faɗi gaskiya, ba zan yi masa gardama ba. Kuɗin mai, kuɗin taki, kuɗin ƴan ƙwadago, duk an karɓa wurin ɗan kasuwa tun ana dashe. Ran cira ya zo ya tsaya a kanka. Ko kana da rudu ba za ka iya ajiya ba. Amma tambayi kanka: nawa ka karɓa? A wace rana? Buhu nawa ku ka ce? Yawancinmu a ka mu ke riƙe da shi, shi kuwa a littafi. In an zo lissafi, littafi ya ke cin kai. Na ga mutum ya ba da buhu bakwai kan bashin da shi ya rantse na biyar ne, ba shi da ko layi ɗaya da zai nuna.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. Masu inabin Faransa sun tsare sunan ƙasarsu da doka tun 1935. Giyar da ba a yankin Shamfan a ka yi ta ba, ba ta da ikon ɗaukar sunan. Mu fa? A cikin shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya kai takarda ofishin OAPI da ke Yawunde, yana neman a ba shi mallakar iri mai sunan Galmi. Sai da ƙungiyoyin manoma su ka tashi tsaye kafin a hana. Sunan garinmu, irin da iyayenmu su ka zaɓa shekara da shekaru, saura kaɗan ya zama na wani, don shi ya rubuta, mu ba mu rubuta ba.

Ban ce mutumin Abijan zai zo Galmi ɗanɗanon albasa ba. Albasa ba abin kurɓa ba ce. Amma hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ƙofarmu ta bi. Ƴan kasuwar Gana suna zuwa da ƙafarsu. Masu tuwon sayarwa na Ƙonni da Yamai kullum suna bukatar albasa. Me ya hana manoma goma su yi rumfa guda a bakin hanya, su yanka albasa a gani, su nuna wadda ta yi wata biyar a rudu ba ta ruɓe ba? Wanda ya saya ya ji daɗi, a rubuta sunansa da lambar wayarsa. A ce masa: buhu kaza duk wata, kuɗi kaza, buhu ba hula. A rubuta biyu, ya riƙe ɗaya, ku riƙe ɗaya. Sai dai ku cika alkawari. In kun sa manya a baki kun ɓoye ruɓaɓɓu a gindi, sau ɗaya zai saya.

Dillalai ba za su so ba, wasunsu kuwa ƴan'uwanmu ne, muna sallah sahu ɗaya. Su ci ladan aikinsu, ban hana ba, amma a faɗi ladan a fili kowa ya ji.

Ran Alhamis bayan la'asar akwai aji. Ka zo da littafinka da alƙalami. Za mu ja layi huɗu: suna, rana, buhu, kuɗi. Wanda ke da bashin albasa a kansa, da nasa za mu fara.