Wayar salula da tsuntsayenmu: Wa zai faɗa mata sunan shamuwa?

A farkon daminar da ta gabata na je ƙauyenmu gaishe da mahaifiyata, na tarar da wasu manyan tsuntsaye baƙaƙe masu farin ciki sun yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gida kamar yadda suka saba tun muna yara. Ɗan ƙanena, wanda ke ajin ƙarshe na sakandare a birni, ya zaro wayarsa ya ɗauki hoton guda daga cikinsu, kafin ƙiftawar ido sai ga shi yana karanto mana sunan tsuntsun da Turanci da kuma Latin, har da ƙasashen da yake zuwa idan ya bar mu. Na jinjina masa, sannan na tambaye shi sunan tsuntsun da Hausa. Yaro ya dubi waya, ya dubi tsamiya, ya yi shiru. Kakarsa ce ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan, ashe bokon naka bai kai ka ga shamuwa ba? In ka gan ta, a fito da iri, ruwa ya kusa."

Wannan 'yar muhawara tsakanin jika da kaka ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a yau, domin in ja hankalin mai karatu ga wasu manhajoji na kyauta da ake saukewa a wayar salula, waɗanda aikinsu shi ne gane tsuntsaye da dabbobi da ƙwari da tsirrai. A nawa ganin, alheri ne babba ya zo mana har gida, sai dai alheri ne da ba zai yi mana cikakken amfani ba sai mun zuba namu sanin a cikinsa.

Bari mu fara da sanin su wane ne. Wadda ta fi shahara a fagen tsuntsaye ita ce Merlin, wadda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya fitar a shekarar 2014. Da farko tambayoyi take yi wa mutum: a ina ka ga tsuntsun, yaushe, yaya girmansa, wane launi gare shi, me yake yi? Daga nan sai ta jero masa waɗanda suka fi kama da abin da ya bayyana. Daga baya aka ƙara mata gane tsuntsu ta hoto, sannan a 2021 aka ƙara mata gane shi ta hanyar kukansa. Zuwa 2023 ta ƙunshi bayanin nau'in tsuntsaye fiye da 10,000 na duniya. Akwai kuma iNaturalist, wadda ta samo asali a 2008 daga aikin wasu ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ita kuwa ba ta tsaya ga tsuntsaye ba, ta haɗa da maciji da ƙadangare da fara da ciyawa. Ƙanwarta mai suna Seek, wadda ta fito a 2018, an yi ta ne musamman domin yara da iyalai, ba ta ma buƙatar mutum ya yi rajista.

To, yaya aka yi waya ta san tsuntsu? Ba tsafi ba ne, ba kuma duba ba ne. Dubban mutane ne suka ɗauki hotuna suka naɗi kukan tsuntsaye, masana suka tantance su, aka tara a rumbun kwamfuta, sannan aka horar da ƙirƙirarriyar basira a kansu har ta iya bambance wannan da wancan. A ɓangaren kuka ma, manhajar tana mayar da sautin ya zama zane ne, sai ta kwatanta zanen da waɗanda aka koya mata. Ke nan iyakar abin da aka nuna mata, iyakar abin da ta sani. Shi ya sa lokacin da Merlin ta fara gane kuka a 2021, da tsuntsayen Amurka da Kanada ɗari huɗu da 'yan kai ta fara, domin su ne aka fi naɗar muryarsu. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ita ma manhaja kukan gidan da aka raine ta ta fi ganewa.

A nan ne nake son mai karatu ya sake duban kalmar kyauta. Gaskiya ne ba a biyan ko kwabo wajen sauke waɗannan manhajoji, in ban da kuɗin data. Amma idan aka lura, tsarin nasu ya fi kama da adashi: kowa ya zuba, kowa ya ɗauka. Rumbun eBird, wanda Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe a 2002, kuma wanda Merlin ke dogaro da shi wajen sanin wane tsuntsu ake gani a wane gari a wane wata, ya haura bayanai biliyan ɗaya a 2021, kuma masu sa kai ne suka tara su ɗaya bayan ɗaya. A iNaturalist kuwa, idan ka saka hoto, sauran jama'a ne za su duba su tabbatar ko su gyara, idan rinjayen masu dubawa ya amince da suna guda sai bayanin ya shiga sahun waɗanda masu bincike ke amfani da su. Yankin da mutanensa suka fi zubi shi ne manhajar ta fi yi wa aiki daidai. Yankin da ya naɗe hannu kuwa, sai dai ya ci ragowar abin da baƙi masu yawon buɗe ido suka tara masa.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke da lokacin ƙirga tsuntsaye? Tambaya ce mai kyau, amma ga amsa. A 2019 masu bincike suka bayyana cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970. Sun iya faɗin haka ne domin akwai ƙidayar da talakawansu masu sha'awa suka daɗe suna yi, wata ma tun 1900 ake yin ta duk ƙarshen shekara. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mu a nan, duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta da bayan kasuwa, ya kuma san yanzu sai ya yi shekara bai ga ko ɗaya ba. Amma yaushe ta fara raguwa, a wane gari ta fara ɓacewa, ina ragowar suke? Ba mu rubuta ba. Ɗaya daga cikin hujjojin da duniya ta dogara da su a kan Afirka ta Yamma aikin wani Bafaranshe ne, Jean-Marc Thiollay, wanda ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake karewa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Kada a ɗauka asarar ungulu asarar ado ce. Ita ce mai sharar mushe ba tare da albashi ba, kuma idan ta kau, karnuka da ƙudaje ne ke gadon aikinta, su kuwa da cuta suke biya. Haka gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ta yi ƙarancin da yawancin yaranmu ba su taɓa ganinta ido da ido ba. A ɗaya gefen kuma ga jan-baki, wanda ke sauka a gonakin shinkafa da gero da dawa a Kebbi da Jigawa da Yobe da Borno ya bar manomi da kara. Sanin inda yake kwana da watan da yake isowa, ai rabin maganinsa ne. Duk waɗannan tambayoyi ne na abinci da lafiya, kuma amsarsu tana hannun wanda ya gani ya rubuta.

Abin farin ciki, ba daga sifili za mu fara ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar zuwa murabba'ai fiye da 11,000, kowane yana da faɗin kimanin kilomita 9, mai sa kai zai shiga guda ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji, ta hanyar wata manhajar kyauta daga Afirka ta Kudu mai suna BirdLasser. Matasan Arewa sun shiga wannan aiki, kuma sun cancanci yabo. Ga kuma fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ruwa ke zuwa daga Turai su yi hunturu, wadda wani yankinta ya shiga jerin dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Masunci ko manomin da ke wannan fadama, idan yana da waya, yana zaune ne a kan bayanin da masanan Ingila da Jamus ke biyan kuɗin jirgi su zo nema.

Sai dai in koma ga tsamiyar ƙofar gidanmu. Sunan da wayar yaron nan ta karanto masa na shamuwa, an ɗauko shi ne daga sunan wani gwamnan Turkawa da ya yi mulki a ƙasar Sudan a ƙarni na 19. Sunan bai gaya wa manomi komai ba. Kalmar shamuwa kuwa tafe take da kalandar damina gaba ɗaya. Haka burtu da cilakowa da carki da dinya da kirinjijiya da borin-tinke da hasbiya da fakara, kowane suna yana da karin magana ko tatsuniya ko dabarar farauta da ke rataye da shi. Bargery ya tattara da dama daga cikinsu a ƙamusunsa na 1934, amma mafi yawan sanin yana cikin kawunan maharba da makiyaya da masunta da tsofaffin mata, kuma kullum ana binne wasu daga cikinsu. Shafin iNaturalist yana ba masu amfani da shi damar ƙara sunayen gargajiya a harsunansu, amma sunan Hausa ba zai taka da ƙafarsa ya shiga ba, sai wani Bahaushe ya zauna da dattijo, ya tambaya, ya tabbatar, ya rubuta.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, manhaja shawara take bayarwa, ba hukunci ba. Tana kuskure, don haka kada wani ya kama maciji ko ya ci wani ganye saboda waya ta ce ba shi da illa. Na biyu, akwai masu neman kan ungulu da ƙwanta domin tsibbu, kuma nuna ainihin bishiyar da ta yi sheƙa tamkar yi musu jagora ne. eBird da iNaturalist suna ɓoye takamaiman wurin wasu halittun da ke cikin haɗari, amma wanda ya watsa hoton a Facebook haɗe da sunan ƙauye ya rushe wannan kariya da hannunsa. Na uku, a halin da dazuzzukanmu ke ciki, baƙon da aka gani yana ɗaukar hoto a bakin daji ana iya zarginsa da leƙen asiri. A sanar da mai unguwa, a tafi da ɗan gari, a kuma tuna cewa tsakar gida da harabar makaranta da bakin mahauta duk wuraren ƙidaya ne.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyyar halittu na sakandare da su riƙa fita da ɗalibai ko da sau ɗaya a zango, waya guda ta ishi aji guda. Ina kira ga sassan Hausa da na nazarin dabbobi a jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram da su haɗa kai su fitar da tantataccen jerin sunayen tsuntsaye, tare da bambancin karin harshe, su miƙa shi ga masu waɗannan manhajoji. Sarakunan baka da sarakunan ruwa kuma a gayyace su a matsayin malamai, a rubuta sunayensu a kan aikin, domin ilmin nasu ne.

Kafin in baro ƙauye, na ga ɗan ƙanen nawa zaune kusa da kakarsa a kan tabarma, yana nuna mata hotunan tsuntsaye a waya ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunayensu yana rubutawa a bayan littafin lissafinsa. Sun kai goma sha bakwai kafin a kira magariba. A kan guda biyu ta ce ta manta, amma akwai wani tsohon maharbi a unguwar gabas da zai sani, in an yi sauri. Allah Ya sa mu yi saurin.