Ingarman Sarki a Turken Talaka

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana, wadda ya kamata a yi magana a kanta tun ba ta gama cinye albashin ma'aikata da jarin ƙananan 'yan kasuwa ba. Mutum zai yi shekara da shekaru yana tari, ko ya kwashi adashi, ko a biya shi kuɗin sallama daga aiki, ya ƙudura zai sayi mota don ta riƙa kai shi wurin neman abinci, ta kai yara makaranta, ta kai iyali asibiti in ta kama. Niyya mai kyau ke nan, ba mai zarginsa. To, amma da ya isa wurin dillalai sai ya tarar da 'yar ƙaramar Toyota Corolla, a gefenta kuma ga wata ƙatuwar Mercedes-Benz, wadda mu ke kira Marsandi, baƙa wul, kujerun fata, tana ta ƙyalli. Ya tambayi kuɗi, ya ji kusan ɗaya ne, wani lokaci ma Marsandin ta fi araha. Nan take zuciya ta ce masa, ashe abin da manya ke hawa bai fi ƙarfinka ba! Shi ke nan, an gama da shi.

Maganata ita ce, tsohuwar motar alfarma ba abin hawan yau da kullum ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Wanda duk ya gaya maka akasin haka, ka bincika, ko dai dillali ne mai jiran la'ada, ko kuwa ya riga ya saya yana neman abokin kuka.

Mu fara da tambayar da mai saye ba ya son yi wa kansa. Motar da a ka saya sabuwa da kuɗin da zai sayi Corolla huɗu ko biyar, yaya a ka yi bayan shekara ashirin ta dawo daidai da Corolla ɗaya? 'Yan kasuwa ba mahaukata ba ne, ba su yin sadaka da hajarsu. Sun san abin da ke gaban mai motar, shi ya sa su ka rage masa kuɗin tun a bakin ƙofa. Kakanninmu sun san wannan lissafi tun ba a ƙera mota ba. A ce Shamaki ya fitar da wani tsohon ingarma daga bargar Sarki, ya ce a sayar da shi a kuɗin jaki. Ba manomi mai hankali da zai taya. Ya san dokin nan ya tsufa, amma cikinsa bai tsufa ba. Dawar da ya saba ci a fada ita zai nema, da harawa, da kanwa, da yaron da zai yi masa yankan ciyawa safe da yamma. Ga shi kuma ba za a aza masa mangala ya kai taki gona ba. Jaki kuwa ya ci kara ya sha ruwa, gobe da asuba yana bakin aiki. Kuɗin sayen doki sau ɗaya a ke biya, na ciyar da shi kullum ne.

Sai mu duba inda waɗannan motoci su ke fitowa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa waje, Afirka kuwa ita ta ɗauki kaso mafi girma. Ba don sun ƙaunace mu su ke aiko su ba. A Ingila mota in ta cika shekara 3, kowace shekara sai an kai ta an duba lafiyarta, a Jamus kuma bayan kowace shekara 2. In ta fāɗi, ba ta sake hawa titi sai an gyara, ladan makaniki kuwa a can da awa a ke lissafa shi. A London, tun 2019 a ka fara karɓar fam 12 da rabi kowace rana daga mai tsohuwar motar da hayaƙinta ya wuce ƙa'ida in ya shiga tsakiyar gari, a 2023 kuma a ka faɗaɗa dokar ta game birnin duka. Watau Baturen da ke samun abin da ya ninka naka sau da yawa, ga kayan gyara a bayan gidansa, ga titi sumul, shi ne ya zauna da alƙalami ya ga motar ta fi ƙarfinsa, ya rabu da ita. Kai kuma ka ɗauka kana murna ka yi tsintuwa. Kada kuma a manta da gishirin da su ke watsawa bisa tituna lokacin ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfen mota ta ƙasa, inda fenti da man goge na dillali ba su kaiwa.

To, bari mu yi lissafi, gama shi ne sana'ata, shi kuwa ba ya jin kunyar kowa. Mu ɗauki Marsandi S500, irin wadda a ka ƙera daga 1998 zuwa 2005, don tana cikin waɗanda su ka fi ruɗin mutane. Injinta lita 5 ne, mai silinda 8. Na Corolla ta wannan zamani bai kai lita 2 ba, silinda 4. A cikin gari, da tsaye-tsaye da cunkoso, babbar ta kan sha wajen lita 16 na fetur a kilomita 100, ƙaramar kuwa wajen lita 9. A ce kana yin kilomita 800 a wata, tsakanin gida da ofis da makaranta da kasuwa da gaisuwar 'yan'uwa, wannan kuwa ba yawo ba ne. Babbar ta sha lita 128, ƙaramar lita 72. Bambanci lita 56.

A da, wannan bambanci ba ya tsorata kowa ƙwarai, don Gwamnati na biyan wani kaso na kuɗin mai. Amma ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafi. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a Abuja. Kuɗin mai ya kan hau ya sauka, amma mu ƙaddara lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi. Lita 56 ɗin nan naira 56,000 ke nan a wata, naira 672,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da a ka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ka ga ke nan rarar man da babbar mota ke sha kawai, ban da ainihin kuɗin zirga-zirgar, ta kusa albashin wani magidanci mai mata da 'ya'ya. Duk wannan kuwa motar lafiya lau ta ke, ko tari ba ta yi ba.

Ranar da ta yi tarin fa? Corolla fulogi 4 gare ta. Wannan Marsandi 16 gare ta, biyu ga kowace silinda. Corolla na ɗaukar baƙin mai wajen lita 4, ita wajen lita 8, kuma ba kowane iri ta ke so ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babban abin shi ne ƙafafunta. Ba a kan sifirin na ƙarfe ta ke zaune ba kamar sauran motoci, a kan jakunkunan roba ta ke, waɗanda wani famfo ke hura wa iska. Shi ya sa in kana ciki ba ka jin gargada, kamar kana cikin kwalekwale bisa ruwa kwance. Amma roba roba ce. Shekara ashirin, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga ramukan titunanmu, sai ta tsattsage. Ka kwanta da mota tsaye, ka tashi da safe ka tarar ta gurfana kamar raƙumi, ba ta ko iya ƙetare kwatar ƙofar gida. Ƙafa huɗu gare ta, in ɗaya ta tafi, sauran suna kan hanya, don ranar haihuwarsu ɗaya. Waɗanda a ka ƙera a farkon shekarun 1990 kuma wata cutar gare su dabam: robar da a ka naɗe wayoyin injinsu da ita ta kan bushe ta marmashe, wayoyi su haɗu, motar ta riƙa abu kamar mai iskokai.

Kayan gyaran nan duk daga waje su ke zuwa, da dala a ke sayo su. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin Gwamnati. A watan Fabrairu na 2024 ta wuce naira 1,500. Albashinka ya ninka sau uku a wannan tsakani? Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ce kana neman kayan Corolla, kafin ka rufe baki yara uku sun kawo maka, ka zaɓa, ka yi ciniki. Ka ambaci famfon iskar S500, sai a ce ka ba da kuɗi a aika Ladipo a Ikko. In ya zo, shi ma daga jikin wata gawar a ka ciro shi, ba wanda zai rantse maka kwana nawa zai yi.

Ban ce makanikanmu ba su iya aiki ba. Wallahi akwai masu basirar da in an ba su kayan aiki za su ba Bature mamaki. Amma irin wannan mota cike ta ke da ƙananan kwamfutoci, ba a gane ciwonta da kunne, sai an jona mata na'ura. Mai na'urar da ya san karatunta a manyan birane ya ke, ladansa kuma na manya ne. Wanda ba shi da ita sai ya shiga lalube, ya canja wannan, ya canja wancan, kai ke biya. Daga nan sai a shiga dabaru. A cire jakunkunan iska a sa sifirin. A fasa tukunyar salansa a zare abin tace hayaƙi, wanda su ke kira Indomie. A cire ƙwan fitilar gargaɗi don ta daina damunka. Kowace dabara tana ɗebe wani abu daga cikin abin da ya sa a ke kiranta motar alfarma, har a wayi gari ba abin da ya rage sai tambarin kan hanci da shan mai.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Marsandi ƙarfe ce, ga V-boot nan har yau tana yawo. Gaskiya ne, ba na musu. Irin da a ka fara ƙerawa a 1976, da V-boot da ta biyo ta a tsakiyar shekarun 1980, motoci ne masu ƙwari na ban mamaki. A Maroko an yi shekaru da yawa a na haya da na farkon tsakanin gari da gari. Amma don me su ka jure? Don ba su da yawan tarkace, makanikin bakin titi na iya kwance su ya ɗaura. Jakuna ne cikin rigar dawaki. Wannan hujja tawa ce, ba ta masu musu ba. Ban da haka, autar V-boot ta yi shekara talatin ko ta kusa. Kada a ɗauki sunan da uwa ta yi a lulluɓa wa 'yar da ba ta gado ta ba.

Za a kuma ce babbar mota ta fi tsare rai in an yi karo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, in komi nata na aiki. Amma tayoyinta manya ne masu tsada, mai ita kuwa bayan mai ya tatse shi, 'yan gwanjo ya ke sa mata. Mota mai nauyin kusan tan 2, mai gudun tsiya, bisa tayoyin da su ka gama rayuwarsu a wata ƙasa, a kan hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rana, wannan ba tsaro ba ne.

Saura hujja ɗaya, wadda ba a faɗinta a fili, ita ce kuwa ta ainihi: a gan ni a ce wane ya samu. To, a gan ka ɗin. Maroƙa za su gan ka. Dangin da ke zuwa da buƙatar dubu biyu za su koma zuwa da ta dubu ashirin, in ka ce babu a ce rowa ce, ga mota nan shaida. Mai tumatir zai ƙara maka kuɗi tun ba ka sauke gilashi ba. Masu arzikin gaske kuwa da ka ke so su ɗauke ka nasu, kallo ɗaya za su yi wa fitilun su san shekarar motar, don su ne su ka hau irinta tana sabuwa su ka yar. Ba wanda ya ruɗu sai maƙwabta, su ma sai ranar da su ka fara taya ka turi. Malamanmu sun sha gaya mana hukuncin almubazzaranci da na riya, ba sai na maimaita ba. Abin da zan tuna mana kawai shi ne, an yi zamani a ƙasar nan, bayan 1976, da Gwamnatin Janar Obasanjo ta sa manyan ma'aikata su koma hawan Peugeot 504, wadda a ke haɗawa a Kaduna tun 1975. Ba wanda rawaninsa ya fāɗi don ya hau Fijo. Motar kuwa ta yi aiki daga Sakkwato har Maiduguri, don ko a wane ƙauye ta tsaya akwai wanda ya san cikinta.

Wanda ke da wata motar ta aiki, da rarar kuɗin da in sun ƙone ba za a fasa ɗora tukunya a gidansa ba, in ya sayi tsohuwar Marsandi don sha'awa, ya fito da ita ran Juma'a ko ran ɗaurin aure, ba ruwana da shi, kiwon doki ya ke yi, ya kuwa san doki ya ke kiwo. Da mai mota ɗaya na ke, wanda in ta kwana a gareji yara sun makara, in ta yi mako ya koma biyan A Daidaita Sahu bayan ga kuɗin makaniki na jiransa.

Irin wannan mutum, ranar da ya gaji ya ce zai sayar, a nan zai ga ƙarshen lissafin. Mai Corolla in ya sa ta kasuwa da safe, da wuya ta yi mako ba a taya ba, don mai haya na so, malamin makaranta na so, mai sayen wa matarsa na so. Mai S500 zai kai ta wurin dillalin da ya sayar masa, wanda ya rantse masa ba ta da abokiyar gwaji, sai ya ji ya ce ai yanzu mutane ba su son manyan motoci, mai ya yi tsada. Ta yi wata shida a rana, tayoyi su sace, fatar kujeru ta tsage, a ɗora ta kan duwatsu. Daga nan masu kayan gyara su zo su zare inji da giya da fitilu, don akwai wani bawan Allah a wata unguwa da tasa ta gurfana yana jira. Gangar jikin kuma 'yan gwangwan su sare ta, su aza bisa sikeli, su biya da kilo.