Dokar Ostireliya da abin da wayar salula ke yi wa zukatan ƴaƴanmu

A watan Nuwamba na 2024 majalisar dokokin Ostireliya ta amince da dokar hana yaran da ba su kai shekara 16 ba mallakar shafi a dandali irin su TikTok, Instagram da Facebook. Kafin nan, a 2021, wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun sirri na kamfanin. A cikinsu akwai binciken da shi kansa kamfanin ya yi, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na ƴan matan da aka tambaya suka ce idan suna jin ƙyamar surar jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi.

Kada mu ce wannan damuwar Turawa ce. Wayar da ke hannun yarinyar Sidni ita ce a hannun ta Maradi, Kumasi da Garwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa na cikin na gaba-gaba.

Gwada kai da wani tsohuwar ɗabi'a ce. Wani masani Ba'amurke, Leon Festinger, ya yi rubutu a kanta a 1954, alhali Musulunci ya daɗe da faɗakarwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira umarnin Manzon Allah (SAW) na duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya, don kada mu raina ni'imar da muke ciki. Abin da ya sauya shi ne yawa. A da yarinya da ƴan tsakar gidansu take gwada kanta, ta kuma san asirinsu: ta san wadda ta aro zanen Sallah. Yau da dubban fuskoki take yi, waɗanda na'ura ta goge ta ƙara musu haske, dare da rana. Daga nan sai man bilicin, sai ƙin cin abinci, sai kulle kai a ɗaki.

Masana na da saɓani kan ko waya ce ke haifar da ciwon, ko kuwa mai ciwon ne ke gudu zuwa gare ta. A ganina kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Amma yaron da ya yarda da halittarsa, ya san darajarsa ba a fata ko a sakamakon jarrabawa take ba, ya fi jure abin da yake gani. Wannan yarda ba lalaci ba ce; ita ce ƙana'a, kuma ba ta hana neman ci gaba.

Sai dai, iyaye, kafin mu zagi waya mu dubi bakinmu. "Ka ga ɗan wane ya sauke Alƙur'ani, kai kana nan." "Dubi ƙanwarki fara tas." Wallahi waɗannan kalmomi sun fi hoton baƙo zafi, domin daga wanda yaro ya fi ƙauna suke fitowa. Mu ma malamai a makarantun allo da Islamiyya ba mu kuɓuta daga wannan ba.

Wani kuskuren shi ne cewa mai ciwon damuwa raunin imani gare shi, ko kuwa aljanu ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a kuma tuhumi imaninsa ba. Idan yaro ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barci da cin abinci sun rikice, ya daina abin da yake so, ballantana ya fara zancen mutuwa, a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Doka irin ta Ostireliya za ta yi wuyar aiki a ƙasashenmu, inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma waya ɗaya ake karɓa-karɓa a gida. Abin da ke hannunmu shi ne a karɓe wayoyi bayan Isha'i, limamai kuma su ware wa wannan batu huɗuba guda ta Juma'a.