Ku Daina Ɗora wa Shakespeare Laifin Tsuntsu

Akwai labarin da littattafai da jaridun Amurka suka yi ta maimaitawa har ya zama kamar karatun allo. Wai wani attajirin New York, Eugene Schieffelin, son Shakespeare ya juya masa kai, ya sha alwashin sai ya kai wa Amurka duk tsuntsun da marubucin ya ambata, shi ya sa ya saki sitalin a lambun Central Park a 1890. Sitalin ɗin nan ɗan uwan shaya ne ta wajenmu, baƙi mai sheƙi da ɗige-ɗige. Wato dai son adabi ne ya jawo miliyoyinsu ke wawushe hatsin manoman Amurka a yau.

Sakin tsuntsaye kam an yi shi, babu musu. Dalilin da aka laƙaba masa ne ba shi da madogara.

Da fari, ina shaida? Schieffelin ya rasu a 1906, kuma ba a samu wasiƙarsa ko rahoton jaridar zamaninsa da ya haɗa shi da wannan buri ba. Lauren Fugate da John MacNeill Miller na Kwalejin Allegheny sun bi sawun labarin a binciken da suka wallafa a 2021, sawun ya tsaya a kan littafin Edwin Way Teale na 1948. Shekara 42 bayan an binne mutum aka gano abin da ke zuciyarsa! Teale bai nuna inda ya samo ba, na bayansa kuwa ba su tambaya ba. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan daga na gabansa, har yawan masu faɗa ya koma hujja. A wajen malaman hadisi, ruwaya mai irin wannan isnadi ko sauraronta ba za a yi ba, amma ga ta a bakin furofesoshi.

Na biyu, sau ɗaya tak kalmar ta fito a wasannin Shakespeare, cikin kashin farko na wasan Henry na Huɗu. Can ma wani mutum a wasan mai suna Hotspur ne cikin fushi yake cewa zai koya wa sitalin kiran sunan wani Mortimer don ya addabi sarki. Tsuntsun keji ne mai kwaikwayon magana, an ambace shi an wuce. A kan wannan za a ce mutum ya kashe dukiyarsa?

Na uku, ƙungiyar da Schieffelin ya shugabanta, wadda aka kafa a 1871, manufarta a fili take: shigo da dabbobi da tsirran da take ganin suna da amfani ko ban sha'awa. Yayin zamanin ke nan, har Ostareliya da New Zealand an kai sitalin don ya ci ƙwari, ba a ce sun karanta wasan kwaikwayo ba.

Kuma ba Schieffelin ne ya fara sakin sitalin a Amurka ba. An saki wasu a birnin Portland a 1889.