Sakin Farashi Kaɗai Ba Ya Cika Rumbu

'Yan uwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ake ta ba mu haƙuri, wai hanyar da kowa ya bi ke nan ya ci gaba. Mu dai a ganinmu maganar ba ta cika ba. Mu duba ƙasashe biyu da suka fito daga tsarin gurguzu, inda gwamnati ke yanka farashin komai.

A watan Janairun 1992 gwamnatin Boris Yeltsin ta Rasha ta saki farashin yawancin kayayyaki lokaci guda. Kafin shekarar ta fita, farashi ya ninka fiye da sau 20, ajiyar da tsofaffi suka yi a banki ta zama takarda. Masana'antu na hannun gwamnati, da yawansu ba su da abokin gasa, sai suka ƙara kuɗi ba su ƙara kaya ba. A 1995 kuma aka miƙa manyan kamfanonin mai da na ƙarafa ga 'yan tsiraru da araha. Zuwa 1998 tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Biyetnam ta soma nata gyaran a 1986, tana fama da ƙarancin abinci. A 1988 ta raba gonakin haɗin gwiwa ga iyalai, kowane gida ya noma ya sayar da abin da ya samu. Sai bayan nan, a 1989, ta saki farashin shinkafa. Da kuɗin ya tashi, aljihun manomi ya shiga, shi kuwa ya ƙara noma. A wannan shekarar ƙasar ta fitar da shinkafa fiye da tan miliyan ɗaya zuwa waje.

To mu fa? Buhun masara ya yi tsada, amma manomin Zamfara da 'yan bindiga suka raba da gonarsa me zai sayar? Motar albasa kafin ta iso Mile 12 ta biya kuɗin mai ninki, ta kuma biya a shingaye ba adadi. An saki farashi, mai noman da mai dakon suna ɗaure.

Shi ya sa muke kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa, duk zaman da za su yi da hukuma, su sa tsaron gonaki da rage shingayen hanya a sahun gaba.